Mathieu Jaboulay (1860-1913) da Tasirin Bincikensa a Fagen Fiɗa

GABATARWA

Bisa al'ada, idan za a ba da tarihin wani masani, akan fara ne da lissafa nasarorin da ya samu, sa'an nan a auna girmansa da yawansu. Wannan ma'auni yana da kyau, amma ba kowane masani yake yi wa adalci ba. Akwai waɗanda babban aikinsu bai yi nasara a hannunsu ba, sai bayan ƙasa ta rufe musu ido aikin ya nuna a hannun almajiransu da almajiran almajiransu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne Mathieu Jaboulay, wanda ake furta sunansa Matiyu Jabule, likitan fiɗa na birnin Liyon a ƙasar Faransa. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa daki-daki, ta dubi abin da ya ƙago a fiɗar tumbi, da ɗinkin jijiyoyin jini, da dashen ƙoda, domin a ga yadda binciken da ya faɗi a zamaninsa ya zama harsashin abin da ake yi a yau.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Jaboulay ranar 5 ga watan Yuli 1860 a wani ƙaramin gari mai suna Saint-Genis-Laval, kudu da Liyon kaɗan. A Liyon ya yi karatun likita, a can ya yi aiki, kuma a can ya koyar har ƙarshen ransa. Birnin ya shahara da saƙar siliki, ya kuma shahara da wani tsohon asibiti a bakin kogin Ron mai suna Hôtel-Dieu, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana karɓar marasa lafiya kafin a daina jinya a cikinsa a 2010. Sashen koyar da likitanci na jami'ar birnin kuwa a 1877 aka buɗe shi, watau Jaboulay yana cikin ɗaliban farko-farko da suka sha daga wannan rijiya. A 1892 ya zama babban likitan fiɗa na Hôtel-Dieu, a 1902 kuma ya hau kujerar shehun malami mai koyar da fiɗa.

Ya kamata a san irin zamanin da ya taso a ciki. Tun 1846 aka fara sa majinyaci barci kafin a yanka shi, a 1867 kuma Joseph Lister na Birtaniya ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa. Waɗannan abubuwa biyu su suka ba likitoci ƙarfin halin buɗe cikin mutum, wurin da a da ba mai taɓawa sai da tsananin larura. Amma fa a lokacin babu ƙarin jini amintacce, babu maganin hana jini daskarewa, babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin. Duk likitan da ya ɗauki wuƙa, da ƙwarewar hannunsa da sanin ƙirar jiki kaɗai ya dogara.

FIƊAR TUMBI

Abinci idan ya gama narkewa a tumbi, ta wata ƙaramar ƙofa yake fita ya shiga farkon ƙaramin hanji. Gyambon ciki yakan kama wannan wuri sau da yawa, in ya warke ya bar tabo, in ya sake tashi ya ƙara wani tabon, har ƙofar ta tsuke. Daga nan sai majinyaci ya yi ta aman abin da ya ci jiya da shekaranjiya, ya rame, ya bushe, yunwa ta kashe shi alhali ga abinci a gabansa.

Likitocin ƙasashen da ke magana da Jamusanci su ne suka fara tunkarar wannan matsala. A 1881 Theodor Billroth ya yanke ɓangaren tumbin wata mata mai ciwon daji a birnin Biyana, ta kuwa tashi daga fiɗar. A wannan shekara almajirinsa Anton Wölfler ya haɗa tumbi da wani sashe na hanji da ke can ƙasa, abinci ya riƙa zagaye wurin da ya toshe. Heineke a 1886 da Mikulicz a 1887 suka zo da wata dabara, watau a tsaga ƙofar a tsaye a ɗinke ta a kwance domin ta ƙara faɗi. Kowace hanya da cikasɗinta. Yanke tumbi aiki ne mai haɗari ƙwarai a wancan zamani. Haɗa shi da hanjin ƙasa yana sa abinci ya tsallake wurin da ruwan madaciya yake zuba, ruwan da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Tsaga ƙofar kuwa ba ya yiwuwa in tabon ya yi tauri ainun, domin ɗinki ba ya kama irin wannan nama.

A 1892 Jaboulay ya bayyana tasa hanyar. Maimakon a taɓa ƙofar da ta lalace, sai a jawo gefen tumbi a jingina shi da gefen farkon hanji, a buɗe taga a kowannensu, a ɗinke tagogin biyu su zama ɗaya. Ta haka abinci zai sami sabuwar ƙofa a lafiyayyen nama, kuma zai bi hanyarsa ta asali ya gauraya da ruwan madaciya yadda ya saba. Har ila yau ya ƙera wani ɗan maɓalli na ƙarfe da ake haɗa hanji da shi ba tare da ɗinki ba, irin wanda John Murphy na Amurka ya fito da shi a 1892. An daɗe da barin maɓallin, amma fiɗar ta ɗore.

Sa'ad da Lester Dragstedt ya farfaɗo da yanke jijiyar da ke sa tumbi fitar da ruwa mai tsami a 1943, sai aka tarar tumbin da aka yi wa haka ba ya iya tura abinci sosai, dole a buɗe masa mafita. Hanyar Jaboulay ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ake zaɓa. Daga baya fiɗar gyambon ciki ta ragu matuƙa, saboda fitowar magungunan rage tsamin tumbi a 1976, da kuma binciken Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya, waɗanda suka gano a 1982 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa yawancin gyambon. Duk da haka, inda ƙofar tumbi ta riga ta toshe da tabo, littattafan fiɗa suna ambaton hanyar Jaboulay da sunansa har gobe.

ƊINKIN JIJIYOYIN JINI

Ranar 24 ga watan Yuni 1894 wani abin tashin hankali ya auku a Liyon. Shugaban ƙasar Faransa, Sadi Carnot, ya kawo ziyara, sai wani saurayi ɗan ƙasar Italiya mai suna Caserio ya soke shi da wuƙa a ciki. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar da ke kai jini hanta. Manyan likitocin birnin suka taru a kansa, amma babu wanda ya san yadda ake ɗinke irin wannan jijiya, jini ya yi ta zuba har rai ya yi halinsa a cikin daren. Abin da aka sani a lokacin shi ne a ɗaure jijiyar da ta yanke, wanda kuwa in babba ce, gaɓar da take ciyarwa sai ta mutu.

Wahalar ɗinkin jijiya ita ce, jini yana gudana ne lami lafiya muddin bai taɓa komai ba sai santsin fatar da ke cikin jijiyar. Da zarar ya haɗu da zare, ko da bayan jijiyar, sai ya daskare ya toshe hanyar. A 1896 Jaboulay da abokin aikinsa Eugène Briau suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan dabbobi. Dabararsu ita ce a juyo bakin kowane yanki waje, kamar yadda ake naɗe hannun riga, sa'an nan a ɗinke su ta yadda santsin ciki zai haɗu da santsin ciki, zaren kuma ya tsaya a waje. Ba duk gwaje-gwajen suka yi kyau ba, domin da yawa jini ya daskare a cikinsu. Amma ƙa'idar da suka kafa ta tabbata, kuma a kanta ɗinkin jijiya yake tsaye har yanzu.

Daga cikin samarin da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa akwai Alexis Carrel. Shi ne ya ɗauki wannan aiki ya tace shi. A 1902 ya bayyana hanyar kafa zare uku a bakin jijiya a ja su, bakin da yake zagayayye ya koma mai kusurwa uku, kowane gefe ya miƙe a ɗinke shi cikin sauƙi da siririyar allura. Carrel bai sami matsayin da yake nema a Liyon ba, sai ya bar Faransa a 1904, ya ƙarasa Amurka, ya yi aiki tare da Charles Guthrie a Shikago, daga bisani ya koma Cibiyar Rockefeller a Niyok. A 1912 aka ba shi lambar yabo ta Nobel saboda ɗinkin jijiyoyin jini da dashen gaɓoɓi.

DASHEN ƘODA NA 1906

Da aka iya haɗa jijiya da jijiya, sai tunani ya tafi ga ɗauke gaɓa sukutum a dasa ta a wani wuri. A 1902 Emerich Ullmann ya cire ƙodar kare a Biyana ya dasa ta a wuyan karen, ta kuwa fitar da fitsari. Ƙoda ta fi sauran gaɓoɓi sauƙin gwaji, domin galibi jijiya ɗaya ce ke kai mata jini, ɗaya ke ɗaukewa, kuma fitsarin da take fitarwa shi ne shaidar tana aiki. A wancan zamani kuwa wanda ƙodarsa ta mutu ba shi da wata makawa, domin na'urar wankin ƙoda ba ta samu ba sai a shekarun 1940, a hannun Willem Kolff na ƙasar Holan.

A watan Janairu 1906 Jaboulay ya ɗauki ƙodar alade ya dasa wa wata mata da ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta. A lanƙwasar gwiwar hannu ya sa ta, inda jijiyoyin jini suke kusa da fata, ana iya kai musu da sauƙi, ana iya duba dashen kullum, in ya lalace kuma a cire shi ba tare da an buɗe ciki ba. A watan Afrilu ya sake gwadawa ga wata matar, wannan karon da ƙodar akuya. Duka biyun sakamakonsu ɗaya. Jini ya daskare a jijiyoyin, ƙodar ta mutu, aka cire ta cikin kwana uku. Babu wadda dashen ya warkar. Jaboulay bai ɓoye abin da ya faru ba, ya rubuta shi a mujallar likitocin Liyon a wannan shekara, kuma wannan rahoto shi masana tarihin likitanci suke lissafawa a matsayin farkon dashen ƙoda sukutum a jikin ɗan Adam.

Abin da ya gani da idonsa shi ne gudan jini, saboda haka mai duba aikin a lokacin zai ɗauka laifin ɗinki ne. Ainihin dalilin ya fi haka zurfi. Jikin mutum yana da garkuwa mai bambance nasa da baƙo. A shekarun 1940 ne Peter Medawar ya nuna cewa wannan garkuwa ita ce ke kashe naman da aka dasa. A shekarun 1980 kuma aka gano cewa alade da akuya da yawancin dabbobi masu shayarwa suna ɗauke da wani nau'in sukari a fatar ƙwayoyin jikinsu wanda babu shi a jikin mutum, kuma jinin kowane mutum yana da makaman yaƙarsa tun yana ƙarami. Da jinin majinyaci ya shiga ƙodar dabba, nan take makaman suke afka wa santsin jijiyoyinta, jini ya daskare. Ashe ko da ɗinkin ya fi na kowa kyau, aikin ba zai yiwu ba a 1906.

Wajibi ne a faɗi gaskiya game da wannan gwaji. A yau babu hukumar asibitin da za ta yarda a yi wa majinyaci irinsa ba tare da hujja mai ƙarfi daga gwajin dabbobi ba. Matan nan biyu sun sha wahalar fiɗa a kan ciwon da ke cinsu, kuma ba su amfana ba. Abin da za a iya cewa a madadinsa shi ne, mutuwa ce ke gabansu, babu wani magani a duniya, kuma ya zaɓi wurin da haɗarinsa ya fi ƙanƙanta. Ko wannan ya wanke shi ko bai wanke shi ba, duk wanda aka yi wa dashen ƙoda a yau yana da bashin waɗannan mata a wuyansa.

SAURAN AYYUKANSA

Jaboulay bai tsaya a fage ɗaya ba. A 1894 ya yi fiɗar cire ƙafa tare da rabin ƙashin ƙugu, aikin da akan yi wa mai ciwon dajin da ya ci kwatangwalo, kuma an daɗe ana kiran wannan fiɗa da sunansa. Ya kuma duƙufa a kan wasu jijiyoyin saƙo da ke tafiyar da ayyukan da mutum ba shi da iko a kansu, kamar bugun zuciya da tsukewar jijiyoyin jini. A 1896 ya yanke irin waɗannan jijiyoyi a wuya domin maganin maƙoƙon nan mai fiddo idanu waje. Wannan hanya ba ta ɗore ba, domin an gane tushen cutar a wani wuri yake. A 1899 ya feƙe jijiyoyin saƙon da ke kewaye da babbar jijiyar jinin cinya, da nufin jini ya ƙara gudana zuwa ƙafa mai gyambo. A 1900 ya tattara waɗannan bincike a cikin littafi.

Akwai kuma wata fiɗa tasa wadda ta fi duk sauran yawan waɗanda suka amfana, ita ce ta gwaiwar ruwa. Ruwa yakan taru a cikin jakar da ke lulluɓe da maraina, in an zuƙe shi da allura sai ya dawo. Hanyar da ake dangantawa da Jaboulay ita ce a tsaga jakar, a zubar da ruwan, a juya ta ciki ya koma waje, a ɗinke ta a baya, ta yadda ruwan da take fitarwa naman da ke kewaye zai riƙa shanye shi. Aiki ne da ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A ƙasashen da tsutsar tundurmi take yaɗuwa ta cizon sauro, ciki har da Nijeriya da Nijar, gwaiwa ta yawaita, kuma wannan hanya tana cikin waɗanda ake koya wa likitoci. Mutane da yawa a ƙasar Hausa an yi musu wannan fiɗa, sun koma gonakinsu, ba su taɓa jin sunan mai ita ba.

RASUWARSA

Ranar 4 ga watan Nuwamba 1913 Jaboulay yana cikin jirgin ƙasa a kan hanyarsa ta zuwa Faris, sai jirgin ya yi karo da wani jirgin ɗaukar wasiƙu a garin Melun. Wuta ta tashi, mutane da dama suka hallaka, har da shi. Yana da shekara 53. Shekara ɗaya ke nan da almajirinsa ya karɓi lambar Nobel. Birnin Liyon ya sa wa wani titi sunansa.

ALMAJIRANSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Tasirin Jaboulay ta rassa biyu ya bi. Reshe na farko shi ne na Carrel da dashen gaɓoɓi. A 1933 Yurii Voronoy ya dasa ƙodar mamaci a jikin wata mata a ƙasar Yukiren, ba ta yi aiki ba. A 1951 René Küss da wasu likitocin Faris suka fara sa ƙodar dashe a gefen mara, inda ake sa ta har yau. Ranar 23 ga watan Disamba 1954 Joseph Murray ya dasa ƙoda tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya a birnin Boston. Da yake garkuwar jikin ɗayan ba ta ɗauki naman ɗan'uwansa baƙo ba, ƙodar ta kama, majinyacin ya ƙara shekara takwas a duniya. Bayan an sami magungunan danne garkuwar jiki, dashe ya zama aikin yau da kullum. A Nijeriya an fara shi a Legas a 2000, a 2002 kuma a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Liyon ita ma ba ta bar gadonta ba, domin a can aka yi dashen hannu a 1998 a ƙarƙashin Jean-Michel Dubernard.

Shi Carrel kuwa ƙarshensa bai yi kyau ba. A littafin da ya buga a 1935 ya goyi bayan ra'ayin tace jinsin ɗan Adam, ya kuma shugabanci wata cibiya a ƙarƙashin gwamnatin Vichy lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. A 1996 jami'ar Liyon ta cire sunansa daga sashen likitancin da aka raɗa wa shi.

Reshe na biyu shi ne na René Leriche, wanda ya ci gaba da binciken malaminsa a kan jijiyoyin saƙo da zogi da cututtukan jijiyoyin jini. Ya koyar a Strasbourg, kuma daga hannunsa manyan likitoci suka fito. João Cid dos Santos na ƙasar Fotugal ya kankare jijiyar da ta toshe a 1946. Jean Kunlin ya ɗauko jijiya daga ƙafa ya yi wa jini hanyar zagaye wurin toshewa a 1948. Michael DeBakey, wanda ya yi suna a fiɗar zuciya a Amurka, shi ma ya zauna a gaban Leriche.

Hatta tunanin dasa ƙodar dabba bai mutu ba. A 1963 da 1964 Keith Reemtsma ya dasa wa majinyata ƙodar birin nan cimfanzi a Amurka, ɗaya daga cikinsu ta rayu wata tara. A watan Maris 2024 likitoci a Boston suka dasa wa wani mutum mai rai ƙodar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin gado a wurare 69, ciki har da cire sukarin nan da ya kayar da Jaboulay. Ƙodar ta yi aiki, aka sallami majinyacin ya koma gida ba tare da wankin ƙoda ba, ko da yake ya rasu bayan kimanin wata biyu. Tsakanin wannan fiɗa da ta Liyon shekara 118 ne.

KAMMALAWA

Idan aka auna Jaboulay da abin da ya gani da idonsa, za a tarar dashensa biyu sun faɗi, fiɗarsa ta maƙoƙo an watsar da ita, lambar yabo kuma almajirinsa ta samu. Amma idan aka bi sawun aikinsa, za a tarar ƙa'idar da ya kafa ta ɗinkin jijiya tana cikin kowane dashe, fiɗarsa ta tumbi da ta gwaiwa suna cikin littattafan koyarwa, kuma likitocin da suka buɗe fagen fiɗar jijiyoyin jini jikokinsa ne a ilmi. Abubuwa biyu suka jawo haka: ya rubuta abin da ya gwada ko da bai yi nasara ba, kuma ya ja matasa a jiki ya koya musu abin da ya sani. Ɗalibin kowane fanni, na harshe ne ko na likitanci, yana da abin lura a nan, musamman wanda bincikensa ya ƙi ba shi sakamakon da ya sa rai, har yana tunanin ya ɓoye shi.